Gabana yana faɗuwa ba dalili, kuma an ce zuciyata lafiya lau

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Watanni ke nan gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili. Ina cikin kasuwa sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, gumi ya keto mini, numfashi ya yi kamar zai ɗauke. An yi mini gwajin zuciya an ce lafiya lau. A gida sun ce iska ce. Mai kemis ya ba ni diazepam, in na sha sai in ji sauƙi. Yanzu ko kasuwar na daina zuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon fargaba, nau'in da ke zuwa farat ɗaya. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019.

Allah ya halicci jiki da shirin tsira. Idan mutum ya ci karo da maciji, jiki kan saki sinadarin adirinalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama don a samu ƙarfin guduwa. A wurinki shirin nan ne ke tashi alhali babu macijin. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya lafa da kansa. Saurin numfashin ne ke kawo jiri da jin kamar ana tsikarin yatsu da allura.

Ki koma asibiti a duba jininki da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da yawan aikin ƙwayar maƙogwaro (wadda kumburinta ake kira maƙoƙo) suna kwaikwayon wannan ciwo. Ki kuma rage goro, kofi da shayi mai kauri.

Diazepam ɗin nan ya fi komai damuna. Yana kwantar da hankali nan take, amma cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da shi, har ya nemi ƙari. Kada ki yanke shi lokaci ɗaya idan kin jima kina sha, likita ne zai riƙa rage miki a hankali. Magungunan da aka fi dogara da su, irin su sertraline da fluoxetine, sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu. Mutane da yawa a mako na farko suke watsarwa, su ce ba ya aiki.

Daina zuwa kasuwa kuwa ciyar da ciwon yake yi. Duk ranar da kika ƙi fita, ƙwaƙwalwa tana ƙara gaskata cewa akwai haɗari a can. Shi ya sa masanin halayyar ɗan'adam zai zauna da ke ku warware tunanin "mutuwa zan yi", sannan ki fara komawa sannu-sannu: yau bakin layi, gobe shagon kusa, jibi kasuwa tare da wata 'yar'uwa. Idan abin ya taso, ki tsaya inda kike, ki ja numfashi ta hanci, ki fitar a hankali ta baki.

Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da magani. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da kuma na Maiduguri. Idan kuwa ciwon ƙirji ya zo da suma, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira.