Kada ka murɗa makullin nan tukuna

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan a kan irin injin naka, 1ZZ na Corolla. Ka ce ka canja gasket, ka mayar da top silinda, ka ɗaura tenshina (abin da ke tura sarƙa ta yi tauri) amma sarƙar taimin tana nan sako-sako, kuma da ka juya injin da hannu, zobban sarƙar masu launi ba su dawo kan alama ba. Don Allah kada ka yi sitata. Cire kan batir ma, kada wani ya zo ya taya ka da karambani.

Maganar launi kada ta dame ka. Zobban nan na ranar ɗauri ne kawai. Da zarar ka juya, sai an yi zagaye mai yawa kafin su sake haɗuwa da alamominsu. Abin dubawa shi ne, bayan zagaye biyu na karanshaf (sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa), tsagar fulinsa ta tsaya a kan 0, ɗigogin da ke jikin giyoyin kamshaf biyu (sandunan da ke buɗe bawul) kuma su fuskanci juna a layi ɗaya da saman murfin taimin. In haka ne, taiminka daidai yake.

Sakin sarƙar kuwa, ina kyautata zaton tenshinarka ba ta saki ba. Akwai 'yar ƙugiya da ke riƙe sandarta bayan ka danna ta ciki. In ka ɗaure notinan biyu, sai ka juya karanshaf baya kaɗan, ƙugiyar ta fita, sannan ka juya gaba. Za ka ji ƙas, ka leƙa ta sama da fitila ka ga sandar ta turo robar da sarƙa ke bi. In ta ƙi, sa dogon sukudireba ka danna robar wajen tenshina, za ta saki.

To, wannan juyi baya shi ne abin da wani mutum ya hana ni yi. Abokina ne ya kawo shi, wai bakanike ne, zai duba mini aiki kafin in rufe. Littafin gyaran yana buɗe a wayata ina nuna masa, ya ture hannuna, ya ce tun kafin a san waya yake kwance inji, kuma ba a juya inji baya. Wai baƙin mai ne zai turo tenshina in an tayar. Yana faɗa yana dariya, har da cewa "ku 'yan intanet". Na shiga wanke hannu, sai kawai na ji sitata. Ƙarar da ta biyo baya har yau tana kunnena, kwaram-kwaram, sai tsit. Na fito da kumfa a hannu na tarar da shi zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, wai dama injin ya gaji. Sarƙa ta tsallake haƙora, fistin ya daki bawul. Da na sake sauke top ɗin na ɗora bawul ɗin a kan gilashi na mirgina, kawunansu sai rawa suke. Sabon gasket ya tashi a banza, don wanda aka riga aka matse ba a maimaita shi. Mutumin nan ko sannu bai ce mini ba, ƙarshe ma kuɗin mota ya tambaya. Na kira shi daga baya, ya daina ɗagawa. Allah ya isa, ban yafe ba. Mai yana ƙara wa tenshina ƙarfi, gaskiya ne, amma wadda ke ɗaure da ƙugiya ba man da zai kwance ta.

Notinan tenshina 9 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ne kawai, kada ka hau su da ƙarfi, suna karyewa. Ka shafa wa zoben robarta mai kafin ka tura, in tsoho ne ka canja, don wurin nan ya yi suna wajen yoyo. Ka cire fulogi duka kafin ka juya da hannu, in ka ji ya cije, tsaya nan, kada ka ƙara wa sifana bututu.

Af, an kankare maka top ɗin? In an ci shi da yawa, tazara tsakanin kamshaf da karanshaf tana raguwa, sarƙa ta ƙara saki. Haka in robobin da sarƙa ke bi sun yi kwari ko sarƙar ta miƙe. Kusoshin top kuma 49 Nm ne sannan ƙarin juyi na digiri 90, daga tsakiya zuwa waje, ina fatan haka ka yi. Kuma in zafi ne ya ƙona tsohon gasket ɗin, ka nemo abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko, lagireto ko fanka ko famfon ruwa, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai ƙone.

Ka ɗauko hoton giyoyin biyu daga sama da fuli a kan 0, ka turo mu gani kafin ka mayar da batir.