Tambaya da Amsa: Rassan Ilimin Halittu Masu Rai

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a makarantar sakandare a Zariya. Ina roƙon a bayyana mini manyan rassan bayoloji da abin da kowanne yake nazari a kai.

Amsa: 'Yata, tsofaffin rassa biyu su ne botani, mai nazarin tsirrai, da zuwoloji, mai nazarin dabbobi tun daga kiyashi har giwa. Sai ilimin ƙirar jiki da na yadda gaɓoɓi suke aiki, waɗanda ɗalibin likitanci yake farawa da su, da kuma ilimin muhalli, mai duba dangantakar halittu da wurin zamansu.

Reshen ƙananan halittu bai samu ba sai da aka ƙera madubin ƙara girma, inda Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga bakteriya a 1676. Ba dukkansu ne masu jawo cuta ba, domin idan aka zuba ɗan tsohon nono a ƙwaryar madara aka bar ta ta kwana, su ne suke mayar da ita kindirmo.

A ganina, ilimin gado, wato nazarin yadda 'ya'ya suke gadon siffofi daga iyayensu, ya fi cancantar ki ba shi lokaci. Gregor Mendel ya aza harsashinsa da gwajin wani irin wake, ya wallafa sakamakon a 1866. Da wannan ilimi ake gane cewa idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da suna da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haihuwar mai ciwon sikila, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure.