Tsiron da ya yi kama da ƙaramar bishiya a dazukan Kanada

Malam, ka yi tambaya ko tsiron nan mai kama da ƙaramar bishiyar Kirsimeti da ka gani a dazukan Kanada zai girma ya zama bishiya. Ba zai zama ba, domin tsiron, wanda masana suke kira Dendrolycopodium, tsawonsa da wuya ya wuce santimita 30.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yake rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Tsirran da suka bazu a wuri guda sau da yawa jiki ɗaya ne, domin jijiya ɗaya ce take tafiya cikin ƙasa mai laima tana fitar da su, tana kuma taimakawa wajen riƙe ƙasar dajin. Ba ya fure, sai dai wani rawayen gari mai laushi da ke fita daga ƙoƙon samansa, kuma ƙwayar garin nan takan yi shekaru a ƙasa tana samun abinci ta hanyar naman gwari kafin ta tsiro. Saboda wannan jinkiri nake ganin kuskure ne babba a riƙa tumɓuke shi don ado lokacin Kirsimeti.

Danginsa na dā, fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce, manyan bishiyoyi ne da suka zama kwal.