Daga Mataki na 12 Zuwa Kujerar Babbar Sakatariya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, shekarata 38, bana aka ƙara min girma zuwa mataki na 12. Ina yawan jin sunan Dakta Folasade Yemi-Esan. Yaya ta kai inda ta kai, kuma mace kamata tana da sauran dama? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da dama, amma lokaci ya fara ƙure miki, don haka bari mu yi lissafin tare.

Dakta Yemi-Esan 'yar asalin jihar Kogi ce, likitar haƙori da ta gama Jami'ar Ibadan a 1987. A Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta hau matakai har ta zama darakta, aka naɗa ta babbar sakatariya a 2012. Tana Ma'aikatar Man Fetur aka ba ta riƙon ƙwaryar shugabancin ma'aikatan tarayya a Satumbar 2019, aka tabbatar da ita a 2020, ta yi ritaya a Agustan 2024 da ta cika shekara 60. Didi Walson-Jack ce ta gaje ta. Kafin su akwai Francesca Emanuel, mace ta farko da ta zama babbar sakatariya a tarayya a 1975, da Injiniya Ebele Okeke, mace ta farko da ta shugabanci ma'aikatan tarayya, a 2007.

Aikin Yemi-Esan da ya fi shafarki shi ne sauya yadda ake auna ƙwazo. A da, fom ɗaya ake cikewa a ƙarshen shekara, oga ya sa hannu, kusan kowa ya fito da maki mai kyau. Sabon tsarin yana so a rubuta abin da za ki cim ma tun farkon shekara, a riƙa dubawa. A zamaninta ne kuma aka sabunta dokokin aikin gwamnati, aka matsa wa ma'aikatu su mayar da fayiloli cikin kwamfuta, aka ba maza hutun haihuwa na kwana 14.

To, ga lissafinki. Daga mataki na 7 zuwa 14, shekara uku-uku ake yi kafin a shiga jarrabawar ƙarin girma. A 15 da 16 kuwa huɗu-huɗu. Daga 12 zuwa 15 shekara 9 ke nan, zuwa 17, matakin darakta, ƙarin 8. Idan ba ki faɗi ko sau ɗaya ba, kina da 55 za ki zama darakta. Ana so ki yi aƙalla shekara 2 a nan kafin ki nemi kujerar babbar sakatariya, ga ritaya tana jira a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga. Shekara 3 kacal suka rage miki na rara.

A nan mata da yawa ke asara, kuma abin yana mana ciwo, domin ba rashin ƙwazo ba ne. Takardar haihuwa ta ce 1986, fayil ya ce 1984, sai a ajiye sunanki har a warware. Takardar ƙarin girman baya ta ɓace daga fayil. An tafi hutun haihuwa, sanarwar jarrabawa ta fito, babu wanda ya kira. Wata ma ta ci jarrabawar, amma babu gurbi a sashenta, sai ta sake zama baɗi. Ki je ofishin kula da ma'aikata ki buɗe fayil ɗinki da hannunki, shafi-shafi, ki ajiye kwafin kowace takarda a gida.

Ita kujerar babbar sakatariya, sai gurbin jiharki ya faɗo ake nema. Akwai jarrabawar rubutu, da gwajin kwamfuta, da ganawa baki da baki, sannan shugaban ƙasa ya zaɓa. Gwajin kwamfutar yana kayar da daraktocin da suka saba a buga musu komai. Daga gobe, ki riƙa buga takardun ofis ɗinki da kanki.