Rashin nauyi ba shi ne jabu ba

Ka ce, "Maigida, gurot ɗin nan, tsohon kuɗin azurfa na Ingila da aka kawo jiya, jabu ne. Na ɗora a sikeli ya ba ni giram 3.1, alhali na cikin akwatinmu 4.6 ne, kuma duka sunan Edward ke kansu."

Zauna, yaro. Garaje ba na wannan sana'ar ba ne.

Edward ɗin ba ɗaya ba ne. Maƙeran wancan zamani ba sa buga shekara a jikin kuɗin, ba sa cewa sarki na nawa ne, fuskar ma kusan guda suke maimaitawa: sarki da kambi yana kallonka. Na akwatinmu na Edward na 3 ne, wanda ya tsayar da gurot a 1351 a bakin kwabo huɗu na azurfa. Daga baya azurfa ta yi ƙaranci a Turai, sai aka riƙa rage masa nauyi. A 1412 ya koma wajen giram 3.9, a 1464 kuma Edward na 4 ya sauke shi zuwa 3.1. Ka ga sikelin da ka kafa hujja da shi ne ya faɗa maka sarkin.

Abin da ya kamata ka tsorata shi ne yankan baki. Mutane kan sa almakashi su ɗan zabtare gefen kuɗin, su tara ɓarɓashin su narka. Don haka ne tun 1247 aka ja layin gicciyen da ke bayan kuɗin har baki. Juya shi ka gani. Ƙafafun gicciyen huɗu sun kai gefe? Rubutun da'irar waje ya fito, kawunan haruffa ba su gutsure ba? To, ba a taɓa shi ba. Da'irar ciki kuma sunan garin da aka buga shi ne, naka ya ce CIVITAS LONDON, wato Landan.

Karkacewar da ta dame ka kuwa, ni ita ke kwantar min da hankali. Da hannu ake bugawa, a ɗora fallen azurfa tsakanin hatimi biyu a maka masa guduma, shi ya sa ba za ka sami biyu iri ɗaya sak ba. Jabu galibi zubi ne. Duba bakinsa da madubin ƙara girma, za ka ga siririn layin haɗi, da 'yan ramuka kamar na ƙyanda, haruffan kuma sun yi laɓo-laɓo.

Sai wannan tsumman da na ga ka ɗauko. Ajiye shi. Ina kamarka na goge wani da toka har ya yi wal, ina jiran yabo. Maigidana bai ce min uffan ba, sai da mai saye ya zo ya taya da rabin kuɗi. Baƙin nan da ke kwance cikin haruffa, shi masu tara tsofaffin kuɗi ke biya.

Riƙe shi ta gefe, ka sa a ambulan, ka rubuta nauyin da garin.