Gudummawar manyan kantuna kan gobarar dajin Ostiraliya: alheri ne ko talla?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ribar da manyan kantuna irin su Coles da Woolworths ke cewa sun bayar saboda gobarar daji taimako ne na Allah da Annabi. Fara da tambayar: kuɗin wa aka bayar?

Idan kanti ya ce "ribar wannan kaya", to riba ce, ba kuɗin ciniki ba. A cinikin dala 100, abin da ya rage wa irin waɗannan kantunan bayan kuɗin sayo kaya, albashi, haya da haraji bai wuce dala 2 zuwa 3 ba. Sannan harajin manyan kamfanoni a Ostiraliya kashi 30 cikin 100 ne, kuma ana cire gudummawa daga kuɗin da za a biya wa haraji. Kantin da ya ba da dala miliyan 1, dubu 700 ne suka fita daga aljihunsa. Ya yi asara dai, amma ya sami talla da araha.

Canjin da ake roƙon ka bari wajen biyan kuɗi kuwa naka ne, kanti ɗan aike kawai yake, ko da ya haɗa shi cikin jimlar da yake shela.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wanda zai karɓa. A 2020 Celeste Barber, 'yar wasan barkwanci ta Ostiraliya, ta tara kusan dalar Ostiraliya miliyan 51 ga hukumar kashe gobarar karkara ta jihar New South Wales, kotu ta ce dokar asusun ba ta yarda a raba wa sauran ƙungiyoyin agaji ba. Saboda haka duba sunan ƙungiyar da abin da dokarta ta halatta kafin ka bar canjinka.