Ki fara kai ta wajen likitan ido, 'yar'uwa

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce idon Mamanku ya yi rauni shekara biyu ke nan, yanzu kuma ta fara cewa tana ganin ƙananan yara a bakin gadonta, kina tambaya ko taɓin hankali ne, ko ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa. Wallahi kamar labarin Babanmu kika ɗauko kika rubuta.

Shi ciwon suga ne ya ci masa ido, ga kuma yanar ido a na hagu. Da farko da dariya yake ba mu labari. Wai ga wasu 'yan mutane, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, sun jeru a jikin bango da huluna masu launi. Wata rana furanni ne a sili, wata rana layuka kamar an shimfiɗa raga a kan komai. Sai ya ce, "Na san babu su, amma ga su nan tar." Ki riƙe wannan maganar, don mu ba mu riƙe ta ba.

Babban yayanmu ne ya yanke hukunci shi kaɗai, ya ce kan Baba ya taɓu. Ya ɗauke shi ya kai shi wajen wani likita da ko minti goma bai yi da su ba, ko fitila bai haska masa a ido ba, ya rubuta maganin masu taɓin hankali. Cikin sati biyu Baba ya koma wani mutum. Jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, barci ba dare ba rana, ɗan ganin da ya rage ma ya ƙara dishi-dishi. Sannan Yaya ya mayar da shi ɗakin baya, ya sa aka saki labule wai don ya huta, ya hana jikoki shiga. Baƙo ya zo gaisuwa, a ce masa Baba na barci. Mutumin da kowa ke zuwa neman shawararsa, shi ake ɓoyewa kamar abin kunya. Na yi magana, Yaya ya ce me na sani, ni da ko ƙwandala ban cire ba. Har yau in na tuna wannan maganar sai ƙirjina ya yi zafi.

Akwai wani dare da ba zan manta ba. Na shiga duba shi wajen ƙarfe biyu, na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da gado, ya rufe fuska da tafin hannu. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Sun cika ɗakin, amma kar ki gaya wa yayanki, zai ƙara min ƙwayar." Sai ya lalubo hannuna ya ce, "Ki faɗa min gaskiya, na haukace ne?" Ban san me zan ce ba. Na ce a'a, amma muryata ta nuna ni kaina ban tabbata ba, kuma ya ji. Makaho ai ba kurma ba ne. Daga ranar ya daina faɗin abin da yake gani, Yaya kuma ya dinga cewa ga shi nan magani ya yi aiki.

Wata biyar muka yi a haka. Abin da ya cece mu, ranar duba idonsa ce ta zagayo, na kai shi ni kaɗai. Likitar, Allah ya saka mata da alheri, tana cikin dubawa ta ce, "Baba, kakan ga abubuwan da babu su?" Ya kau da kai. Ta ce kar ya ji komai, masu irin idonsa da yawa suna gani. Ta tambaye shi ko suna masa magana, ya ce a'a. Ko ya san ba na gaske ba ne? Ya ce, "Tun ranar farko na sani, 'yata."

Ta ce abin yana da suna, larurar Charles Bonnet. Sunan wani masani ne ɗan birnin Janeba na ƙasar Suwizalan da ya rubuta labarin kakansa a 1760, tsoho mai yanar ido wanda hankalinsa ke nan garau amma yana ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine. Ta ce ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da gani ya saba samun saƙo daga ido a kowane lokaci. In saƙon ya ragu, ba ya zama haka kawai, sai ya fara ƙirƙiro nasa hotunan. Kamar wanda aka yanke wa ƙafa amma yana jin yatsun na masa ƙaiƙayi. Yanar ido, hawan jinin ido, suga, lalacewar tsakiyar tantanin bayan ido da ke zuwa da tsufa, duk suna kawo shi. Kuma duhu da kaɗaici suna ƙara shi. Duhu da kaɗaici, 'yar'uwa. Abin da muka ba shi ke nan wata biyar. Baba ya yi kuka a kan kujerar nan, ni ma na yi.

Ba ina ce miki ido da taɓin hankali ba su da alaƙa ba ne. Bayan abin ya faru na zama mai karance-karance cikin dare. A Suwidin an bi bayanan samari sama da miliyan ɗaya da aka gwada idonsu lokacin ɗaukar soja, suna wajen shekara 18, aka ga masu raunin gani sun fi fuskantar taɓin hankali daga baya. Wannan ba ya nufin duk mai tabarau ya tsorata, mafi yawansu ba abin da ke samun su.  

Ki zauna da Mama ku biyu kawai, da rana, ba gaban 'yan'uwa ba. Ki tambaye ta cikin raha yaran nan wane irin kaya suka sa. In ta san babu su, ba sa magana, kuma sauran zancenta daidai yake, to ki fara da likitan ido, ki ambata masa gane-ganen da bakinki don ita ƙila ta ɓoye. Amma in tana jin muryoyi, ko ta dage cewa ana bin ta ko ana so a cutar da ita, ko mantuwa ta yi yawa, ko tafiyarta ta canja, likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta, ba abin kunya ba ne, ciwon mantuwa da na Parkinson, mai sa rawar jiki, ma suna kawo gane-gane. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi ko ciwon fitsari, kar ki jira gobe, ku tafi asibiti yau. Ki kwashi duk magungunan da take sha ki tafi da su. Kuma in an riga an ɗora ta a kan wani, kar ki tsayar da kanki. Na Baba a hankali likita ya janye shi, sati-sati.

Ki ƙara mata haske a ɗaki, musamman da magariba. Likitar ta koya wa Baba in sun zo ya ƙifta ido da sauri, ko ya juya idon dama da hagu, ko ya tashi ya canja wuri. Wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci bai yi ba. Rediyo ma ta taimaka, da jikoki, su ne ma suka fi. Bayan an cire masa yanar sai abin ya ragu sosai, ko da yake bai tafi duka ba, don abin da suga ya ɓata ya ɓatu. Rawar hannun nan kuwa ta daɗe kafin ta sake shi.

Yaya har yau bai ce a yi haƙuri ba. Da na maimaita masa bayanin likitar, cewa ya yi ai shi ma taimako ya yi niyya. Baba ya ce in bar maganar, ya yafe. Ina ƙoƙari. Allah ya ba Mama lafiya, kuma don Allah in kun je ki sanar da ni abin da likitan ya ce.